TURANCI IRI-IRI NE: MU RABA BAMBANCI DA KUSKURE

Duk wanda yake zaune a ƙasar nan ya san matsayin da Turanci yake da shi a zamanmu na yau da kullum. Da shi ake rubuta takardar neman aiki, da shi likita yake rubuta magani, da shi alƙali yake yanke hukunci a babbar kotu, kuma yaron da bai sami kiredit a Turanci ba a jarrabawar WAEC ko ta NECO, ƙofar jami'a a rufe take gare shi ko da ya cinye sauran darussa duka. A majami'unmu na birane irin su Jos da Kaduna da Yola ma, sau da yawa sujada biyu ake yi, ɗaya da Turanci ɗaya da Hausa, ko kuwa a haɗa jama'a wuri ɗaya a sa tafinta ya tsaya kusa da mai wa'azi.

Saboda wannan matsayi, tuntuɓen harshe a Turanci ya zama abin kunya a wurinmu fiye da kima. Dattijo mai hikima zai yi shiru a taron kwamiti don tsoron kada matasa su yi masa dariya, shawararsa mai kyau kuwa ta koma gida tare da shi. Amma in muka duba da kyau, za mu ga abubuwa uku ne dabam-dabam muke tarawa wuri ɗaya muna kiransu kuskure. Akwai bambancin da yake tsakanin Turawan kansu. Akwai Turancin da muka ƙera wa kanmu a nan gida. Sa'an nan akwai kuskure na gaske wanda yake juya ma'ana. A cikin ukun nan duka, kalmar da ba ka sani ba da wuya ta cuce ka, gama za ka tsaya ka yi tambaya. Wadda take kayar da mutum ita ce kalmar da ya ɗauka ya sani, alhali mai jinsa wata ma'ana dabam ya sani. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

DAGA BAKUNA DA YAWA MUKA KOYA

Kafin mu zargi kowa, ya kamata mu tuna yadda Turanci ya iso Arewa. Gwamnatin mulkin mallaka ta Ingila ce, don haka Turancin ofis da na makarantar gwamnati na Ingila ne. Shaidar wannan tana cikin Hausarmu: fetur, tocila, singileti da but ɗin mota duk daga bakin mutanen Ingila muka ara su. Ba'amurke ba ya kiran mai "petrol", "gas" yake cewa, but ɗin mota kuma "trunk" ne a wurinsa.

Amma masu bishara da suka buɗe makarantu da asibitoci ba daga ƙasa ɗaya suka fito ba. Mutane uku na farko na mishan ɗin SIM da suka sauka Legas a 1893, biyu daga Kanada suka taso, ɗaya daga Amurka. Karl Kumm wanda ya jagoranci mutanen SUM zuwa Wase a 1904 Bajamushe ne. Waɗanda suka zauna a Numan daga 1913 mutanen Denmak ne, waɗanda suka fara aiki a Garkida a 1923 Amurkawa ne, Likita Walter Miller na CMS a Zariya mutumin Ingila ne, yawancin fada-fadan Katolika da suka yi aiki a Arewa daga baya kuwa mutanen Ailan ne. Bayan samun 'yancin kai sai ga matasan Amurka na shirin Peace Corps daga 1961, sai malaman Indiya da na Gana a makarantun sakandare. Kowannensu da irin Turancinsa ya zo. A yau kuma talabijin da wayar hannu da intanet sun cika kunnuwan 'ya'yanmu da Turancin Amurka, alhali malaminsu a aji yana gyara musu takarda da ƙa'idar Ingila. To, yaya Turancinmu ba zai zama gauraye ba?

INGILA DA AMURKA BA SU JITU BA

Bambancin rubutu tsakanin ƙasashen nan biyu da gangan aka yi shi. Wani malami Ba'amurke mai suna Noah Webster ya fitar da babban ƙamus ɗinsa a 1828, ya tsaya a kan cewa Amurka ta sami nata tsarin rubutu mai sauƙi. Tasirinsa ne ya sa Amurkawa suke rubuta "color" da "center" da "Savior", mutanen Ingila kuwa suna rubuta "colour" da "centre" da "Saviour". Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu, kuma wannan bambanci ba ya ɓatar da kowa, gama ma'anar ba ta sāke ba.

Inda matsala take shi ne wurin da kalma ɗaya take da ma'ana biyu. Alal misali, "pants" a Amurka wando ne, a Ingila da nan Najeriya kuwa kamfai ne. "Vest" a Ingila singileti ne, a Amurka falmaran. In an ce maka ofis yana "first floor" a Landan, sai ka hau bene hawa ɗaya, amma a New York ƙasa ke nan inda ka shigo. In mutumin Ingila ya ce gidanka "homely" ne, yabo ya yi, wato gida ne mai daɗin zama. In Ba'amurke ya faɗi haka a kan yarinya, cewa ya yi ba ta da kyan fuska. Manyan makarantun kuɗi na 'ya'yan masu hali a Ingila, irin su Eton, ana kiransu "public school", sunan da Amurkawa suke ba makarantar gwamnati ta kowa da kowa.

Har lissafi bai tsira ba. Galan na Ingila ya ɗan haura lita huɗu da rabi, na Amurka kuwa bai kai lita huɗu ba. A dā "billion" a Ingila miliyan sau miliyan ne, sai a 1974 gwamnatin Harold Wilson ta koma ga lissafin Amurka, wato miliyan dubu. Kwanan wata kuma har yanzu yana rikita mutane. In ka rubuta 4/5, mu da Ingila mun karanta huɗu ga watan Mayu, Ba'amurke kuwa ya karanta biyar ga watan Afrilu. Ɗalibin da yake cika takardar neman makaranta a Amurka, ko sakataren ikilisiya da yake shirya ranar tarbar baƙi daga can, wata guda cur zai iya ɓata masa a kan wannan ɗan abu. Maganinsa shi ne a rubuta sunan watan da haruffa.

Winston Churchill, tsohon firayim ministan Ingila, ya ba da wani labari a cikin littafinsa na tarihin Yaƙin Duniya na Biyu. Hafsoshin Ingila sun shirya wata takarda ta gaggawa, suka gaya wa takwarorinsu na Amurka cewa suna so a yi mata "table". A wurin mutanen Ingila wannan na nufin a kawo batun gaban taro a tattauna yanzu. A wurin Amurkawa kuwa yana nufin a ajiye batun a gefe sai wani lokaci. Aka yi ta gardama mai zafi kafin su gane cewa abu ɗaya dukansu suke so. In manyan hafsoshin da aka haifa cikin Turanci sun yi wannan, me zai sa mu ji kunyar tambaya?

TURANCIN SHEKARA ƊARI HUƊU

Akwai wani irin Turanci kuma da ya shafe mu musamman, wato na juyin Littafi Mai Tsarki na King James wanda aka buga a 1611. Mutane da yawa suna ƙaunarsa saboda nauyin kalmominsa, kuma ba mu hana kowa karanta shi ba. Sai dai harshe yana tafiya kamar ruwan kogi, kalmomi da dama a cikinsa sun sāke ma'ana, waɗansu ma sun juya baya gaba ɗaya.

Kalmar "suffer" a yau shan wahala ce, amma a Markus 10:14, inda ake maganar yara ƙanana, ma'anarta a ƙyale su, a bar su su zo. "Prevent" a yau hanawa ne, amma a 1 Tasalonikawa 4:15 ma'anarta riga wani, wato shiga gabansa. "Let" a yau bari ne, amma a Romawa 1:13 ma'anarta hanawa, kishiyar abin da muka sani ke nan. "Charity" a 1 Korantiyawa 13 ƙauna ce, ba sadaka ba. "Peculiar" a 1 Bitrus 2:9 na nufin jama'ar da take mallakar Allah ta musamman, ba mutane masu baƙon hali ba. "Carriages" a Ayyukan Manzanni 21:15 kayan tafiya ne, ba keken doki ba.

Wadda ta fi shafar zaman gida ita ce "conversation" a 1 Bitrus 3:1. A zamanin da aka yi juyin, ma'anarta hali da irin zaman mutum. Tafintan da ya juya ta da hira ko magana ya koya wa zumuntar mata kishiyar abin da ayar take faɗa, gama batun wurin shi ne halin kirki yana iya rinjayar miji ba tare da yawan magana ba. Haka kuma "corn" da 'yan'uwan Yusufu suka je saya a Masar a Farawa 42. A tsohon Turancin Ingila hatsi ne kowane iri, a Amurka da nan kuwa masara ce. Masara daga nahiyar Amurka ta fito, ba ta ƙetaro teku ba sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492, saboda haka babu masara a rumbunan Fir'auna.

Har "thou" da "thee" da waɗansu suke sawa cikin addu'a don girmamawa, asalinsu ba na girmamawa ba ne. "Thou" shi ne kai ko ke, mutum ɗaya, "ye" kuma shi ne ku. Hausa ta riƙe wannan bambanci har yau, Turancin zamani ne ya yar da shi. Mai shirin wa'azi da yake da King James a hannun dama, ya kyautu ya riƙe Littafi Mai Tsarki na Hausa a hannun hagu, ko juyin 1932 ko na 1979, ko kuma ɗaya daga cikin juyin Turanci na zamani irin su Good News na 1976 da NIV na 1978, ya gwada su kafin ranar Lahadi.

TURANCIN DA MUKA ƘERA A GIDA

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Sa'ad da Turanci ya zauna a bakinmu, sai muka ɗora masa al'adunmu. Bature ba shi da kalmar da ta yi daidai da sannu, don haka muka ɗauki "sorry" muka ba ta wannan aiki. Mutum ya yi tuntuɓe, mu ce masa "sorry", baƙo daga Ingila kuwa ya yi mamaki ya ce ai ba laifinka ba ne. Muna ce wa mai aiki "well done" da nufin sannu da aiki, shi kuwa Bature sai an gama aiki ya yi kyau yake faɗin haka. Muna cewa "I am coming" muna fita daga ɗaki, domin ina zuwa muke fassarawa. Muna kiran wanda ya sauka a gidanmu "stranger" domin baƙo kalma ɗaya ce a Hausa, alhali Turanci ya raba wanda ba a sani ba da "guest" wanda aka marabta.

Waɗansu daga cikin irin waɗannan suna iya kawo ruɗani mai nauyi. Ɗan Najeriya ya ce "my father is late", yana nufin mahaifinsa ya rasu, mutumin Landan kuwa ya ji cewa tsohon ya makara, har ya tambaya ƙarfe nawa zai iso. Mu ce mace ta yi "take in", wato ta yi ciki, ko ta yi "put to bed", wato ta haihu, shi kuwa Bature abin da ya sani da na biyun shi ne kwantar da yaro ya yi barci. Lemun kwalba "minerals" ne a wurinmu, a wurin yawancinsu ma'adinai ne na ƙasa. "Hot drink" a nan barasa ce mai ƙarfi, a can kuwa shayi ne ko kofi. A ce baƙo mai wa'azi ya sauka daga Ingila cikin sanyin hunturu na Jos ya roƙi "hot drink", ka ga yadda dattawan ikilisiya za su dubi juna.

Shin waɗannan kuskure ne? A tsakaninmu ba kuskure ba ne, tun da mai faɗa da mai ji sun fahimci juna. Masu babban ƙamus na Oxford ma sun yarda da haka. A watan Janairu na 2020 sun shigar da kalmomi 29 na Turancin Najeriya, a cikinsu akwai "okada" da "next tomorrow" da "Kannywood" da "send-forth", wato bikin sallama da muke yi wa fasto in an yi masa canjin wurin aiki. Indiya ma tana da nata: "lakh" dubu ɗari ne, "prepone" kuma shi ne a matso da ranar taro kusa. Abin lura kawai shi ne shigar kalma ƙamus bai sa kowa a duniya ya san ta ba. Kuɗin gida ne, a kasuwar gida ake kashe shi. In za ka rubuta wa na waje, ko kana zauren jarrabawa, sai ka nemi kalmar da kowa ya sani.

"I" DA "A'A" A GABAN LIKITA

Akwai wuri ɗaya da muke roƙon mai karatu ya kula ƙwarai, domin ya shafi lafiya da shari'a. A Hausa, in an tambaye ka, "Ba ka sha maganin ba?" kuma ba ka sha ba, sai ka ce, "I, ban sha ba." Kana tabbatar da maganar mai tambaya ne. Turanci ba haka yake tafiya ba. Amsar Turanci tana bin abin da ya faru ne: in ba ka sha ba, "no" za ka ce, ko yaya aka juya tambayar. To, a ce likita ya tambayi majiyyaci da Turanci ko bai sha maganin ba, shi kuwa ya amsa "yes" da tunanin Hausa. Likita zai rubuta cewa an sha magani bai yi aiki ba, ya sāke wani mai ƙarfi, alhali ƙwayoyin suna nan cikin aljihu ba a taɓa su ba. Haka yake ga mai ba da shaida a kotu ko a ofishin 'yan sanda. Dabarar ita ce kada ka tsaya a kan "yes" ko "no" kaɗai. Faɗi jimlar duka, ka ce ka sha ko ba ka sha ba.

Kada wani ya ga kamar mun cika tsanani a kan 'yan ƙananan kalmomi. Ranar 27 ga Maris 1977, jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a filin jirgin sama na tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, mutum 583 suka mutu. Dalilan suna da yawa, akwai hazo mai kauri, akwai kuma muryoyi biyu da suka haɗu a rediyo lokaci ɗaya. Amma a cikinsu akwai magana mai fuska biyu. Mataimakin matuƙin jirgin Holan ya gaya wa hasumiya cewa suna "at take-off", yana nufin sun fara gudun tashi, ma'aikacin hasumiya kuwa ya ɗauka suna tsaye ne a wurin tashi suna jiran izini. Tun daga nan aka gyara ƙa'idar maganar jiragen sama, ba a furta wannan kalma sai lokacin ba da izinin tashi ko soke shi. Kowannensu ya san Turanci, kuma kowannensu ya tabbata ya fahimci ɗan'uwansa.

KUSKURE NA GASKE

Bayan mun ware bambanci, sai mu faɗi gaskiya cewa akwai abin da yake kuskure ne a Landan, kuskure ne a New York, kuskure ne kuma a gaban mai duba takardar jarrabawa a Kaduna. Na farko shi ne kalmomi masu kama da juna a kunne. A allon sanarwa da kyallayen taro mukan ga "alter" a maimakon "altar", na farko sākewa ne, na biyu shi ne bagade. Mukan ga "prophet" da "profit" sun sauya wuri, annabi ya zama riba. Haka "pray" da "prey", addu'a da abin farauta, da "cease" da "seize", dainawa da ƙwacewa, da "lose" da "loose", hasara da sako-sako. Mai jagorar sujada yakan ce mai wa'azi zai yi "round up", alhali "round off" ne kammalawa, "round up" kuwa shi ne abin da 'yan sanda suke yi wa ɓarayi ko makiyayi yake yi wa garke.

Na biyu shi ne ara da rance. A Hausa mukan ce ara mini, mu kuma ce na ara, da kalma ɗaya. Turanci ya raba su: mai bayarwa "lend" yake yi, mai karɓa "borrow". Wanda ya rubuta a takardar yarjejeniya cewa ya yi wa wani "borrow" na kuɗi, ya bar ƙofar gardama a buɗe a kan wane ne yake bin wani bashi. A adashin mata da asusun taimakon juna na ikilisiya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na uku shi ne jam'in da babu shi. Kalmomi irin su "furniture" da "advice" da "information" da "equipment" da "luggage" ba a ƙara musu harafin jam'i, kamar yadda ba ma ƙirga ruwa ko gari ɗaya-ɗaya. Haka kuma "discuss" ba ta bukatar "about", "return" ba ta bukatar "back". Irin waɗannan ba sa ɓatar da ma'ana, amma suna rage maki, suna kuma sa mai ɗaukar ma'aikata ya ture takarda gefe tun bai ga fuskar mai ita ba. Gyaransu ba wuya, karatu ne da yawan duba ƙamus.

LAFAZI BA ZUNUBI BA NE

Saura batun lafazi, wanda a kansa aka fi yi wa mutane dariya. Hausa ba ta raba sautin "p" da "f" ba, shi ya sa "pastor" ya zama fasto, shi ya sa kuma "pull" da "full" ko "pan" da "fan" suke haɗuwa a bakin Bahaushe. Ba ta da "v", sai "vote" ya yi kama da "boat". Ba ta son baƙaƙe su taru babu wasali a tsakani, shi ya sa muka sami burodi da bokiti da sukurudireba. Bayarabe kuma yakan yar da "h" a farkon kalma, "heat" ta zama "eat". Harsuna da yawa na ƙasarmu, har da Yarbanci da Ibo, ba su raba namiji da mace a wakilin suna ba, don haka "he" da "she" suke rikita masu su, abin da ba ya damun Bahaushe mai shi da ita. Kowa da inda harshen uwarsa ya ɗaure shi, da inda ya sake shi. Turawan ma haka suke, mutumin Glasgow da na Texas sai sun kasa kunne sosai kafin su fahimci juna. Mu ma a Hausa, Bakano ya ce fita, Basakkwace ya ce hita, mutumin Maraɗi ya ce ɗansa yana lakwal inda mu muke cewa makaranta. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Littafin Mahukunta sura 12 ya nuna mana ƙarshen mai da lafazi ma'aunin mutum. Mutanen Gileyad suka tsare mashigin Kogin Urdun, duk wanda ya zo hayewa sai su sa shi ya furta kalmar Shibolet. Mutanen Ifraimu ba su iya sautin farko ba, Sibolet suke cewa, kuma mutum 42,000 suka hallaka a wannan rikici tsakanin 'yan'uwa. Mu da muke zaune cikin ƙabilu da harsuna masu yawa, bai kamata mu koya wa 'ya'yanmu auna mutum da yadda harshensa yake karyewa ba. Inda lafazi zai juya ma'ana, a gyara shi a keɓe cikin ƙauna. Inda ba zai juya ba, a bar mutum ya faɗi abin da yake zuciyarsa.

'YAR SHAWARA

Ga ɗalibai, makarantunmu tsarin Ingila suke bi, don haka ku riƙe shi a rubutu, kada ku gauraya shi da na Amurka a takarda ɗaya. In kuna rubutu a kwamfuta ko waya, ku duba wane irin Turanci aka saita mata, gama yawancinsu da na Amurka suke zuwa, sai su ja jan layi a ƙarƙashin kalmar da take daidai.

Ga masu yin tafinta, ku zauna da baƙon mai wa'azi ko na minti goma ne kafin sujada. Ku tambaye shi daga wace ƙasa ya fito, wane juyi zai karanta, waɗanne ayoyi zai taɓa, ku buɗe su da Hausa tun da wuri. In ya faɗi abin da bai shiga ba, ku tsaya ku tambaye shi a gaban jama'a. Wannan ya fi a ba taron mutum ɗari biyar abin da ba a faɗa ba.

Ga sakatarori da masu rubuta wasiƙa, ku zaɓi gajeriyar kalma da kuka tabbatar da ita a kan doguwar da kuke zato. Ku rubuta sunan wata da haruffa, ku rubuta adadin kuɗi da lamba da kuma kalmomi, ku ba wani ya karanta kafin a buga kyallen taro.

Ga iyaye da dattawa kuma, kada tsoron Turanci ya rufe muku baki a taro. In Hausa ce ta fi muku sauƙi, ku yi magana da ita, wani ya juya. Matasan da Allah ya ba su ilimi su zama masu taimako, su tuna cewa Turancin da suke taƙama da shi ma iri ɗaya ne a cikin iri-iri, kuma akwai ƙasar da za su je a ce su maimaita abin da suka faɗa. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya ba mu kunnen jin juna da haƙurin gyara wa juna. Amin.